Abin da ya sa ake yawan tarewa a sabon gida lokacin hutun Kirsimeti a karkarar arewacin Kano

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa makon farko na Janairu, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ko wadda ta nufi Daura ta Dambatta, da wuya ya kai inda za shi bai ci karo da motar a-kori-kura ko babur mai ƙafa uku ɗauke da gado da katifa da kwanuka da buhunan hatsi ba. Wasu kayan amare ne da za a yi wa jere. Wasu na magidantan da suka fita daga gidan gado ne zuwa nasu na kansu. Wasu kuma na ma'aikata da 'yan kasuwar birni ne da suka gaji da haya, suka koma ginin da suka daɗe suna yi a garinsu.

Mafi yawan mazauna Bichi da Dambatta da Makoda da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa da Ungogo Musulmi ne, ba sa bikin Kirsimeti. Duk da haka kwanakin hutun nan sun zama lokacin da ƙaura ta fi sauƙi a wurinsu. Dalilin shi ne a ƙarshen Disamba ne lissafin manomi da na magini da na ma'aikacin gwamnati suke haɗuwa wuri guda. Sai dai a yankin da mutane suka yi wa ƙasa yawa irin wannan, ɗaukar kaya shi ne mafi ƙanƙantar aiki a tarewa. Babban al'amarin yana ga filin da aka yi ginin a kansa: gonar wa aka ci, da yardar wa, kuma wace shaida ce a hannu.

Inda lissafi uku suka haɗu

Lissafi na farko na manomi ne. A ƙasar Kano mafi yawan ruwan sama yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ne ya fi kowane wata ruwa. Gero yakan nuna tun kafin damina ta ɗauke, gyaɗa da wake su biyo baya, dawa da maiwa kuwa sai cikin Nuwamba, wani lokaci har farkon Disamba. Kafin a kai dammunan ƙarshe rumbu, babu magidancin da ke da sukunin tsayawa a kan gini, babu kuma matashin da zai bar gona ya kama kwaɓa ƙasa. Da zarar an gama kaka, abubuwa uku suke samuwa lokaci guda: hannun aiki, kuɗin amfanin da aka sayar, da karan dawa da ciyawar da ake danga da jinka da su. Shi ya sa tun kaka da kakanni bayan kaka ne lokacin aure da gini da gyaran gida.

Lissafi na biyu na ma'aikaci ne. Gwamnatin Tarayya tana ba da hutu a ranakun 25 da 26 ga Disamba da kuma 1 ga Janairu. Idan ranakun suka jingina da Asabar da Lahadi, ma'aikaci yakan samu kwanaki a jere ba tare da ya nemi izini ba. Makarantu ma suna rufe zangon farko a Disamba su koma a Janairu, don haka wanda zai sauya wa 'ya'yansa makaranta yana iya yi ba tare da ya katse musu zango a tsakiya ba. Wanda kuɗin hayarsa na shekara ke ƙarewa da ƙarewar shekarar Miladiyya yana da ƙarin dalilin gaggawa, domin masu gidaje a Kano sun fi karɓar kuɗin shekara guda gaba ɗaya.

Wani zai ce ai hutun Sallah ma yana nan. Bambancin shi ne shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, saboda haka Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah suna kewaya yanayi: wata shekarar su faɗo a bazara, bayan wasu shekaru su faɗo a tsakiyar damina. Ga kuma hidimar azumi da ɗinki da layya da ke cinye abin hannu. Hutun Disamba kuwa ba ya motsi daga hunturu. A kowace shekara yana zuwa ne hanya a bushe, rumbu a cike.

Akwai kuma Hausawa Kiristoci a ƙauyukan Kano, akasarinsu zuriyar Maguzawa, waɗanda a wurinsu lokacin yana da ƙarin ma'ana. A Kirsimeti ne 'ya'yan da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja suke komawa gida, sai a haɗa bikin da aure da addu'ar buɗe sabon gida, tunda dangi duk suna nan.

Gini yana bin yanayi

Lissafi na uku na magini ne, kuma shi ne ya fi tsauri, domin ƙasa ba ta jin lallashi. Ginin gargajiya na Hausa yana farawa ne daga kududdufi, inda ake haƙo ƙasa a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta yi laushi, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya. Tubali yana bukatar rana da busasshiyar iska. A damina ba ya bushewa, idan ma an gina shi ruwa zai zaizaye bangon kafin a rufe. Can cikin bazara kuma kududdufai da yawa sun ƙafe, sai an sayi ruwa ko an yi ta jido daga rijiya. Tsakanin Oktoba da Janairu ne kaɗai ake samun abubuwan biyu tare: ragowar ruwan damina a kududdufi, da iskar hunturu mai busar da tubali.

Gwanin magini ba ya ɗora bango gaba ɗaya a yini guda. Yakan yi 'yan layuka ya bari su sha iska, sannan ya ƙara. Rufin soro kuma da azara ake yin sa, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cin sa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi yawa, shi ya sa ɗakunan soro na talakawa suke da ƙunci, sai a gidajen sarauta da masallatai ake ganin bakan gizo da tulluwa masu ba da faɗi. Bayan rufi sai yaɓe, a da har da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da katsi daga marina, domin bango ya jure ruwa. Daga ƙarshe mata su taru su yi daɓe. Wanda ya fara wannan aiki da ɗaukewar ruwa, a ƙarshen Disamba ko cikin Janairu yake samun ɗakin da ya bushe har za a iya kwana a ciki.

Yau bulo da siminti da kwano sun mamaye yawancin sababbin gine-gine, musamman a bakin titi. Giginya ta yi ƙaranci, ɗorawa ma haka, matasa kuma sun fi son ginin da ba ya bukatar yaɓe duk shekara. Amma siminti ma yana da nasa sharaɗin, kuma akasin na tubali ne: ruwa yake so. Bulo da kankare suna samun ƙarfi ne idan aka ci gaba da jiƙa su aƙalla mako guda, kuma injiniyoyi suna auna cikakken ƙarfin kankare ne bayan kwana 28. Iskar hunturu tana tsotse danshin da wuri. Bulon da aka buga yau aka ɗora jibi saboda maigida yana son tarewa kafin hutu ya ƙare, shi ne wanda ake murzawa da yatsa yana zuba. Haka ma idan mai buga bulo ya matsa wa buhun siminti mai kilo 50 ya fitar da fiye da ƙimarsa.

Gidan da aka tare a hunturu bai ci jarrabawarsa ba tukuna. Ba a sanin inda rufi ke yoyo, ko inda ruwan unguwa ke bi, sai Agusta. Filayen da suka fi araha sau da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike, ko hanyar ruwa da ba a gane ta a rani. Kusan kowace damina ana samun labarin rushewar gidaje a ƙananan hukumomin Kano. Tambayar dattawan unguwa inda ruwa yake kwanciya ta fi duk wani kallon da mai saye zai yi wa fili a watan Disamba.

Ƙasar da ba ta da sarari

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan noma mafi cunkoso a Afirka ta Yamma, kuma ba yau ta fara ba. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yaba da albarkar ƙasar da yawan jama'arta. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin yankin. Ya nuna cewa mafi yawan ƙasar ana nomanta ne kowace shekara babu hutu, kuma abin da ke riƙe ta shi ne taki: kashin awaki da tumaki da tokar gida, da kuma sharar birni da ake jidowa a kan jakuna zuwa gonaki. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma ƙasar ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba tun daga lokacin.

A irin wannan wuri babu dajin da sabon magidanci zai sare ya kafa gida. Kowane sabon ɗaki a kan gonar wani yake zama. Kuma gonar da aka fi ci ita ce ta bakin gari, wadda ta fi kowace samun taki saboda kusancinta da gida, ta kuma fi ba da amfani. Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo ya kai kimanin murabba'in mita 465. Ke nan hekta guda ba ta wuce fuloti 21 ba, tun kafin a cire layuka da masallaci da makaranta. Gonar da ta ciyar da gida shekara da shekaru tana iya zama unguwa a rani biyu, kuma ƙasar da aka zuba wa harsashi ba ta komawa noma.

Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta yi bincike a Dorayi a farkon shekarun 1970, lokacin wurin yana karkara a kudu maso yammacin birni. Ta tarar da manya-manyan gidaje, wasu da mutum kusan ɗari ko fiye a ciki, inda 'ya'ya da jikoki suke ta ƙara ɗakuna a cikin gidan uba, ga kuma magidanta da yawa da gonarsu ba ta isa ta ciyar da su ba. Yau Dorayi unguwa ce a cikin birni. Abin da ya same ta shi ne yake samun Ƙaramar Hukumar Ungogo, inda wurare irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa suka haɗe da birni, shi ne kuma yake bin titin Katsina ta Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi ta jawo rumbunan ajiya da gidaje. Aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021 kuma ya ratsa ta wajen Dambatta da Kazaure da Daura, ya ƙara sa idon masu saye a kan filayen wannan shiyya.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin birni, wannan yana nufin fili a garinsu ya fi na birni sauƙin kuɗi, kuma darajarsa tana hawa. Ga manomin da ya sayar, lissafin daban ne. Kuɗin fili yakan tafi a biki ko magani ko babur, gonar kuwa ta tafi ke nan. Da yawa daga masu sayarwa sukan koma aro ko haya ko ƙwadago a gonar wasu.

Fita daga gandu

A karkara, tarewa a sabon gida takan zo da wani abu da ya fi gini nauyi, wato fita daga gandu. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza masu aure, ko 'yan'uwa bayan rasuwar uba, suna noma babbar gona tare, su ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa don bukatar kansa. Maigida ne ke ɗaukar nauyin abinci da haraji a da, da hidimar aure da suna. Ba a raba irin wannan zama a tsakiyar damina, hatsi yana gona. Sai an girbe, an auna, an fitar da zakka, sannan ake iya cewa ga naka ga nawa. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa raba tukunya yake faɗowa a ƙarshen shekara.

A nan ne rigima ta fi ɓuya. Sau da yawa uba yakan nuna wa ɗansa gefen gona da baki ya ce ya yi gini, babu rubutu, babu shaidu. Muddin uban yana raye babu mai magana. Ranar da ya faɗi, sai tambaya ta taso: kyauta ce ko aro? Idan kyauta ce da aka karɓa aka mallaka tun yana da rai da lafiya, ta fita daga gado. Idan ba a iya tabbatar da hakan ba, filin yana komawa cikin dukiyar da za a raba, duk da ginin da ke kansa.

Matsala ta biyu ita ce gonar gado da ba a raba ba. Ɗan'uwan da ke da hali, galibi wanda ke birni, yakan yi gini a kai da yardar yayyensa maza, a manta da mata. A shari'ar Musulunci 'ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, matar mamaci kuma tana da ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya. Kawaicin da 'yar'uwa ta yi ba yafewa ba ne, kuma haƙƙinta yana wucewa ga 'ya'yanta, waɗanda ba lallai su yi irin kawaicinta ba. Wanda kuma ya sayi rabon mutum ɗaya daga gonar da ba a raba ba, ya san cewa a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya shi kuɗinsa su karɓi rabon. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kotunan shari'ar Musulunci na ƙananan hukumomi sun saba da irin waɗannan ƙararraki, kuma da yawansu zama ɗaya na rabon gado kafin a haƙa harsashi ya isa ya hana su.

Hutun ƙarshen shekara yana da amfani a nan fiye da ɗaukar kaya. Lokaci ne da ma'aikatan gida suke samun zuwa, 'yan cirani kuma ba su gama watsewa ba. Zaman da za a yi a zaure, a kira mata su faɗi ra'ayinsu da bakinsu, a rubuta abin da aka amince a gaban malami da mai unguwa, ya fi walimar tarewa muhimmanci.

Abin da doka ta ce

A al'ada, cinikin fili a ƙauye yana bi ta hannun mai unguwa da dagaci, wani lokaci har hakimi, a rubuta takarda shaidu su sa hannu. Wannan takarda tana da daraja, domin ita ce ke nuna wanda ya sayar da iyakokin filin da maƙwabtansa. Amma ba ita ce ƙarshen magana ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ta kariya, ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da aka ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashin ikon gwamna kai tsaye, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu na gargajiya. Dokar ta kuma ce sayar da fili ko jinginar da shi yana bukatar amincewar hukumar da ta dace. Gwamna ne ke da ikon ayyana inda birni ya tsaya, don haka filin da jiya yake ƙauye yana iya shiga tsarin birni, inda hukumar tsara birane ta KNUPDA take duba izinin gini, hukumar KANGIS kuma take riƙe da bayanan filaye.

Abin da ya fi shafar mai sabon gida shi ne ikon gwamnati na karɓe fili don amfanin jama'a, kamar titi ko layin dogo ko makaranta. A irin wannan hali diyyar da doka ta tanada tana kan abin da aka yi a kan filin ne, wato gini da shuke-shuke da itatuwa. Wanda ya yi gini a gefen babban titi, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko a kan burtali ko filin makaranta, yana iya rasa ginin ya kuma rasa bakin magana. Kafin biyan kuɗi ya kamata mai saye ya ga dukkan magada, ya zagaya iyaka tare da maƙwabta, ya tabbatar ba a jinginar da gonar ga wani ba, sannan ya je sashen filaye na ƙaramar hukuma. Ofisoshin nan suna rufe a ranakun hutu, saboda haka aikin takarda na Oktoba da Nuwamba ne.

Lissafin aljihu

Kuɗin gini a ƙauye daga rumbu yake fitowa. Matsalar ita ce a kaka ne hatsi ya fi araha, lokacin da kowa yake kai nasa Dawanau da kasuwannin mako irin na Dambatta da Bichi. A yawancin shekaru farashin yakan hau idan damina ta kama. Manomin da ya sayar da abincin gida don ya sayi bandir ɗin kwano, yana iya samun kansa a watan Yuli yana awo da tsada a ƙarƙashin sabon rufi. Masu dabara sukan sayar da amfanin kuɗi, irin su gyaɗa da wake da riɗi, ko ragon da aka yi kiwo, su bar gero da dawa.

Ma'aikacin da ke shirin komawa garinsu yana ci gaba da aiki a birni yana da nasa lissafin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso a albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne. Wanda zai riƙa zirga-zirga kullum daga Bichi ko Dambatta, tafiyar kilomita 40 zuwa 50, ya kamata ya auna kuɗin motar wata da kuɗin hayar da ya gudu. Sai kuma ruwa da wuta da asibiti da makarantar yara, da batun tsaro a ƙauyukan da ke iyaka da Jihar Katsina, domin wasu sassan Shanono da Tsanyawa sun fuskanci hare-haren 'yan bindiga.

Akwai wani ƙaramin abu da kan ba masu gini mamaki. 'Yan kasuwa da yawa na Sabon Gari da ke sayar da kayan wuta da na famfo da fenti sukan rufe shaguna su tafi garuruwansu a kudu don Kirsimeti, wasu sai cikin Janairu suke dawowa. Motocin haya ma sukan yi tsada saboda yawan matafiya. Wanda ya bar sayayyar ƙarshe sai ranar 24 ga wata yana iya zagaya kasuwa bai samu abin da yake nema ba.

Daren farko

Idan ranar ta zo, al'ada ba ta sauya sosai ba. Akan share gida a yi turare, a kira malamai da almajirai su yi saukar Alƙur'ani, ko a karanta Suratul Baƙara saboda hadisin da ya zo a kan falalar karanta ta a gida. A yi sadakar waina ko gumba, a aika wa maƙwabta. A gidajen Kirista fasto yakan zo da 'yan ikilisiya a yi addu'a da waƙoƙin yabo. Maigida kuma ya je ya gabatar da kansa ga mai unguwa da limami, domin a ƙauye maƙwabci shi ne ɗan sanda, shi ne motar asibiti da tsakar dare.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hatsarin daren farko. Ƙarshen Disamba da Janairu su ne tsakiyar sanyi, sabon ɗakin da filastarsa ba ta gama bushewa ba kuma ya fi tsohon ɗaki sanyi. Sai a shigar da kaskon gawayi, a rufe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma tana kisa. Hayaƙin janareta ma haka yake, kuma sabon gidan da ba a jawo wa wuta ba shi ne aka fi shigar da janareta cikinsa saboda tsoron ɓarayi. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, kaskon wuta kuma a fitar da shi kafin a kwanta. Hunturu kuma lokacin gobara ne: dangar kara da jinka da tarin harawa ba sa jiran tartsatsi na biyu. Rijiya da ramin masai da ba a rufe ba su ma tarko ne ga yaran da ba su san gidan ba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana, kuma burin mallakar muhalli a mahaifa buri ne mai kyau. Hutun ƙarshen shekara zai ci gaba da zama lokacin da ya fi dacewa da cika shi, muddin damina tana ɗaukewa a Oktoba, ofisoshi kuma suna rufewa a Disamba. Amma kwana uku ko huɗu na hutu sun isa ɗaukar kaya ne kawai. Rabon gado, da takardar fili, da bushewar bango, da abincin da zai kai iyali wata kakar, kowannensu yana bukatar watanni. Magidancin da bai kammala su ba, gara ya ƙara wasu watanni a gidan haya ko a ɗakinsa na gidan gado, ya tare bayan ya ga yadda ginin ya kwana da ruwan Agusta.